Safa mai matse ƙafa a doguwar tafiya: wa take yi wa amfani, wa take cutarwa?

Me dogon zama yake yi wa ƙafa?

Jinin da ya sauka ƙafa sai an turo shi kafin ya koma zuciya, domin hawa zai yi. Tsokar sha-raɓa ce take yin wannan aiki kamar famfo: duk lokacin da mutum ya taka ƙasa sai ta matse jijiyoyin da ke cikinta ta tura jini sama, wasu ƙananan marufai a cikin jijiyoyin kuma su hana shi dawowa. Idan aka daɗe a zaune gwiwa a lanƙwashe, tsokar ba ta aiki, jini ya taru a ƙasa, ƙafa ta kumbura. Yawanci kumburin yakan sace da kansa bayan an sauka. Abin tsoro shi ne jinin ya daskare ya zama guda a jijiyar da ke can ciki, domin idan gudan ya ɓalle ya tafi huhu ya toshe hanya, yana iya kisa cikin ƙanƙanen lokaci.

A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa wannan haɗari yana ninkawa biyu idan zaman tafiya ya kai awa huɗu ko fiye, ko da yake kusan mutum ɗaya ne cikin 6,000 abin yake samu. Kuma ba a jirgin sama kaɗai ba ne. Wanda ya kwana a bas daga Kano zuwa Legas, ko daga Yamai zuwa Damagaram, da kaya jibge a ƙarƙashin ƙafarsa, ya fi maniyyacin da ya tashi zuwa Jidda daɗewa a takure.

Da me wannan safa ta bambanta da safar kasuwa?

An saƙa ta ne yadda za ta fi matsewa a idon sawu, matsin ya riƙa raguwa zuwa ƙasan gwiwa, kuma wannan bambancin shi ne yake kora jini sama. Safar kasuwa da ta yi wa mutum kaɗan akasin haka take yi, domin robar bakinta ce take ɗaure ƙwauri ta tare jinin a ƙasa.

Shin an tabbatar tana aiki, ko talla ce kawai?

An tabbatar, amma ya kamata a san iyakar abin da aka tabbatar. Ƙungiyar Cochrane, mai tantance sakamakon binciken likitanci, ta tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan fasinjojin jirgin sama, inda aka duba ƙafafun mutum 2,637 da na'ura bayan sun sauka. An sami gudan jini marar alama a jikin mutum 50, kuma uku ne kawai daga cikinsu suka sa safar, sauran 47 ba su sa ba. Kumburin ƙafa ma ya ragu. Sai dai babu wanda ya mutu ko gudan ya kai masa huhu a ɓangarorin biyu, saboda haka gwaje-gwajen ba su nuna kai tsaye cewa safar tana hana mutuwa ba.

Kowane matafiyi ne ya kamata ya saya?

A'a. Matashi mai lafiya da zai iya miƙewa ya taka ba dole ba ne a kansa, ko da yake za ta rage masa kumburi. Waɗanda likitoci suka fi ba shawarar su sa su ne wanda gudan jini ya taɓa kama shi, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, da mai ciwon daji, da mai ciki ko mai jego, da mai shan ƙwayar tsarin iyali mai sinadarin istirojin, da mai ƙiba sosai, da tsofaffi. Masu sikila ma jininsu ya fi saurin yin guda, amma tun da wasunsu suna fama da gyambon ƙafa, sai su tambayi likita tukuna.

Akwai kuma waɗanda safar take cutarwa. Wanda jijiyoyin da ke kawo jini ƙafarsa suka tsuke, matsi zai ƙara rage masa ɗan jinin da yake isowa. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina jin taɓi zai iya samun rauni a ƙarƙashin safar bai sani ba, haka ma mai ciwon zuciya mai tsanani da mai gyambo ko ƙurajen fata. Wannan shi ya fi damuna, domin dattawan da 'ya'yansu suke saya wa safar don tafiya Hajji sau da yawa su ne masu waɗannan cututtuka. Lokacin duba lafiyar maniyyata dama ce ta nuna wa likita ƙafar a tambaye shi.

Yaya ake zaɓenta, yaya ake sa ta?

Wadda ta tsaya ƙasan gwiwa ta wadatar, mai matsin 15 zuwa 30 a ma'aunin mmHg da ake rubutawa a jikin kwali. Ba da lambar takalmi ake zaɓe ba. Da tef ɗin tela ake auna kaurin idon sawu da na sha-raɓa da safe kafin ƙafa ta kumbura, sannan a duba jadawalin kamfanin. A sa ta kafin a tashi, a miƙar da ita babu tattara, kada kuma a naɗe bakinta ƙasa don zafi ya dame mutum, domin naɗin ɗauri ne. Idan yatsu suka yi sanyi, ko suka mutu, ko suka sauya launi, a cire ta nan take.

Safar ba ta ɗauke wa mutum motsi. A jirgi a riƙa tashi ana takawa, a mota a sauka duk inda aka tsaya, a zaune kuma a riƙa ɗaga dunduniya da yatsu. A sha ruwa, a guji maganin barci, kuma kada a sha asfirin don tafiya kawai ba tare da umarnin likita ba.

Alwala da harami fa?

A mazhabar Malikiyya a kan huffin fata ake shafa, ba a kan safar zare ba, don haka mafi sauƙi shi ne a yi alwala kafin a sa, idan ta warware a cire a sake alwala a mayar. Namiji ba ya sa safa bayan ya ɗaura harami, mace kuwa babu laifi. Wanda jirginsa zai fara sauka Madina ba shi da matsala a hanya, amma mai zarcewa Makka da likita ya wajabta masa safar ya tambayi malami hukuncin lalura da fidiya tun yana gida.

Waɗanne alamomi ne ba a jinkiri a kansu?

Kumburi a ƙafa ɗaya tare da ciwo ko ɗumi a sha-raɓa, musamman idan ɗayar lafiya lau take. Haɗarin ba ya ƙarewa ranar sauka, yana iya ɗaukar makonni. Kada a yi wa irin wannan ƙafa tausa ko ƙaho, a je asibiti a faɗa wa likita cewa an yi doguwar tafiya. Idan kuwa numfashi ya fara sarƙewa ba zato, ko ƙirji ya riƙa suka, ko aka yi tarin jini, sai a garzaya sashen gaggawa ko da tsakar dare ne.