Ma'anar "lokacin tashi" a ƙananan kwamfutoci

Lokacin tashi shi ne tazarar da ke tsakanin shigar wuta cikin na'ura da sa'ar da ta fara aikin da aka ƙera ta dominsa. A kwamfutar tebur ba a cika damuwa da shi ba. Amma a ƙananan kwamfutocin da ake dasawa cikin mota ko na'urar auna bugun zuciya, daƙiƙa 10 na jira ba ƙaramin abu ba ne. Direba ya sa giyar baya, allon kyamara yana nan baƙi ƙirin.

Tashin hawa-hawa ne. Manhajar tayarwa, galibi U-Boot, ita ke kwaso kenel, wato zuciyar Linux (babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar), daga ma'ajiya ta ɗora shi a kan RAM, ƙwaƙwalwar wucin gadi da na'ura ke aiki da ita. Kenel ya warware kansa daga matsewar da aka yi masa don rage girmansa, ya tada sassan na'urar ɗaya bayan ɗaya, sannan ya miƙa ragama ga sauran manhajoji.

Kuskuren da na fi gani shi ne a hau cire abubuwa tun ba a auna ba. Alhali awon ba shi da wuya. Idan aka sa printk.time=1 a layin umarnin kenel, kowane saƙo zai fito da lokacinsa a gefen hagu. Aka ƙara initcall_debug, sai kenel ya riƙa faɗin tsawon da kowane sashe ya ɗauka kafin ya tashi. Ka buɗe dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin kenel, ka bi lambobin da yatsa. Inda suka yi tsalle, misali daga daƙiƙa 0.8 zuwa 2.3, nan matsalar take. Sau da yawa za ka tarar kenel na jiran wani sashen da babu shi ma a jikin na'urar.

Sai dai agogon kenel bai san abin da ya faru kafin ya fara bugawa ba. Jiran da U-Boot ke yi ko wani zai danna maɓalli, da warware matsewa (a hanyoyin matsewa, XZ ya fi ƙanƙanta, LZ4 ya fi saurin warwarewa), duk a ɓoye suke. Shi ya sa ake haɗa wayar siriyal, wadda saƙonnin na'urar ke fitowa ta cikinta, da wata kwamfuta, manhajar grabserial ta riƙa buga lokaci a kan kowane layi daga waje.

Ita kanta wayar siriyal ɗin tana da laifi. A gudun bit 115200 a daƙiƙa, haruffa 11,520 kacal take iya fitarwa a daƙiƙa, don haka saƙonni masu haruffa 23,000 sun cinye kusan daƙiƙa 2. Sa quiet a layin umarni yana rage su a waya, amma suna nan a ajiye, dmesg zai nuna maka su bayan na'ura ta tashi.