Haɗin gwiwar gwamnati da 'yan kasuwa wajen ƙera kayan tsaro na zamani

Haɗin gwiwar gwamnati da kamfanoni masu zaman kansu a fannin ƙera kayan tsaro yarjejeniya ce ta dogon zango, inda gwamnati ke kawo lasisi da fili da wurin gwaji da alƙawarin sayen kaya, kamfani kuma ya kawo jari da injuna da ƙwararru, sannan a raba riba da asara bisa sharuɗɗan da aka rubuta. Ba ɗaya ba ne da kwangilar kawo kaya, wadda ɗan kwangila zai sayo daga waje ya miƙa ya karɓi kuɗinsa. A nan abin da ake nema shi ne fasahar ta zauna a ƙasa. A Najeriya, Abuja ce wurin ƙulla irin wannan yarjejeniya, domin a nan Ma'aikatar Tsaro take, a ginin Ship House da ke Garki. Su kuwa masana'antun suna Kaduna da Legas da Ogun da Anambra.

Asali

A 1964 aka kafa Hukumar Ƙera Kayan Tsaro ta Najeriya, wato DICON, kuma kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma ne ya gina mata masana'anta a Kakuri, Kaduna. Ta yi aiki ba dare ba rana lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Da yaƙi ya ƙare oda ta yanke, har ta kai ga ana ƙera kujeru da tebura a wurin da aka gina don bindiga da harsashi. Tun daga nan aka gane cewa masana'antar tsaro mai saye ɗaya gare ta, ran da ya juya baya kuwa injuna sai tsatsa.

Yaƙi da Boko Haram ne ya sake tayar da maganar, musamman bayan 2014 da Amurka ta hana a sayar wa Najeriya jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra. Turkiyya ta taɓa shiga irin wannan hali: takunkumin makamai da Amurka ta sa mata a 1975 saboda rikicin Saifurus ya sa ta kafa kamfanin kayan lantarki na soja mai suna Aselsan a wannan shekara, a 1985 kuma ta kafa hukuma da asusu na musamman don masana'antun tsaro, wanda bai dogara kacokan ga kasafin kuɗin shekara ba.

Doka

Dokoki uku ne ginshiƙi. Dokar 2005 ta kafa hukumar ICRC mai sa ido kan ayyukan haɗin gwiwa. Ita ke duba takardar farko mai nuna aikin zai iya riƙe kansa, sannan cikakkiyar takardar bayan an zaɓi abokin aiki, manyan ayyuka kuma su je gaban Majalisar Zartarwa ta Tarayya. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta keɓe kayan tsaro na musamman daga tsarinta sai da amincewar Shugaban Ƙasa, abin da ke kare sirri amma yake rage gasa. Ta uku ita ce sabuwar dokar DICON da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Nuwamba 2023, wadda ta ba hukumar ikon mallakar ƙananan kamfanoni, kafa cibiyar bincike, da kula da masu ƙera kayan tsaro. Masu nazari na nuna damuwa a nan: hukuma ɗaya ta zama mai ƙira, kuma mai duba aikin abokan gasarta. Alƙali ne da rumfa a kasuwa.

Siffofin haɗin gwiwa

Mafi yawa shi ne kamfanin tarayya, inda kowane ɓangare ke da hannun jari. Akwai ƙira bisa lasisi, kamar yarjejeniyar 2018 da kamfanin PGZ na Foland kan bindigar Beryl. Akwai kuma masana'antar da gwamnati ta mallaka amma ɗan kasuwa ke gudanarwa, irin ta harsashi da ke Lake City a jihar Misuri ta Amurka. Wasu ƙasashe na gindaya wa mai sayar musu da makamai sharaɗin mayar da wani kaso na kuɗin cikin masana'antun gida. Indiya ta sa kashi 30 cikin ɗari a 2005.

Siffar da ta fi shafar sabuwar fasaha ita ce cibiyar haɗin gwiwa. Misalinta America Makes, da aka buɗe a 2012 a Youngstown ta jihar Ohayo da dala miliyan 30 daga gwamnati da miliyan 40 daga kamfanoni da jami'o'i. Hikimarta: ana auna nunar fasaha da matakai tara. Jami'a na iya kai ta mataki na uku, kamfani ba ya son taɓa ta sai ta kusa na takwas, saboda haka tsakanin na huɗu da na bakwai ne yawancin ƙirƙira ke mutuwa. Cibiyar na sayen injuna masu tsada, ƙananan kamfanoni su yi gwaji a kai ba tare da sun ci bashi ba. Hukumar bunƙasa kimiyya da injiniya ta NASENI da ke Idu a Abuja, wadda aka kafa a 1992, ita ce ta fi kusa da wannan matsayi a Najeriya.

Abin da aka ƙera

Rundunar sojan ruwa ta gina jiragen sintiri a Legas: Andoni a 2012, Karaduwa a 2016, Oji a 2021. Sojan sama sun ƙaddamar da jirgi maras matuƙi mai suna Tsaigumi a Kaduna a 2018, da taimakon kamfanin UAVision na Fotugal. A ƙarshen 2019 aka nuna motar sulke ta Ezugwu, yayin da kamfanin Proforce da ke Ode-Remo ke ƙera tasa mai suna Ara.

Inda ake tuntuɓe

Na farko, bambancin haɗawa da ƙerawa. Motar sulke mai jure nakiya tana buƙatar ƙarfe mai taurin kusan 500 a ma'aunin Birinel, da ƙasan mota mai siffar harafin V don karkatar da ƙarfin fashewa. Tunda masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta ba ta fara narka ƙarfe ba, farantin ƙarfe da inji da giyar mota duk daga waje suke zuwa, da dala. Walda ma a nan ba irin ta ƙofar gida ba ce: zafi ya yi yawa, gefen ɗinkin ya yi laushi, harsashi ya samu hanya. Wannan ba ya ganuwa da ido. Sai an gwada bisa ma'aunin STANAG 4569 na ƙungiyar NATO, inda mataki na biyu ke nufin jure nakiya mai kilo 6, na uku kilo 8, na huɗu kilo 10. Ƙasar da ba ta da amintaccen wurin gwaji dole ta kai samfurinta waje, ko ta yarda da bakin mai kaya.

Haka harsashi. Ƙwansonsa gamin jan ƙarfe kashi 70 ne da tutiya kashi 30, kuma in ba a gasa shi daidai ba tsakanin matakan miƙa shi, yakan tsage a rumbu ko ya maƙale a bindiga.

Injin da ke gina kayan gyara daga garin ƙarfe, shimfiɗa kan shimfiɗa, ya fi kowanne jan hankali, domin zai iya fitar da ɓangaren tsohon jirgin da aka daina ƙera kayansa. Kowace shimfiɗa ba ta kai kaurin gashin kai ba, aiki ɗaya na iya cin kwana biyu ko fiye, a cikin iskar argon. Ɗaukewar wuta na ɗan lokaci kan bar tabo a tsakiyar ƙarfen, a zubar da aikin gaba ɗaya. Bayan an gama sai an gasa, a goge, a haska cikinsa don neman ƙananan ramuka. Ɗakin awo kuma dole ya tsaya a digiri 20, abin da ke nufin na'urar sanyaya ɗaki da janareta ba hutu a zafin Maris na Abuja. Maƙeran Panteka da makanikan Apo suna da basirar kwaikwayon kowane ƙarfe, amma jirgin sama ba ya karɓar abin da babu takardar asalinsa da ta gwajinsa.

Sai batun zane. Cikakken kundin ƙira, wato zane-zane da jerin kayan haɗi da hanyar gwaji da manhajar inji, shi ne ainihin fasahar. Yarjejeniyar da ba ta fayyace wanda ya mallake shi ba, da ikon yi masa gyara, da ikon sayar da kayan ga wata ƙasa, ta bar baya da ƙura: ran da abokin aiki ya tattara nasa ya nasa, sai a tashi da injunan da ba mai iya ba su umarni.

Mafi girma shi ne oda. Injin sassaƙa ƙarfe da kwamfuta ke sarrafawa sai ya yi shekaru yana aiki kafin ya mayar da kuɗinsa, kasafin gwamnati kuwa na shekara ɗaya ne, sakin kuɗin ma yakan makara. Banki ba ya ba da rance a kan takardar fahimtar juna. Abin da yake dubawa shi ne kwangilar saye ta shekara biyar zuwa goma, mai ɗauke da mafi ƙarancin adadin da za a saya kowace shekara, da hanyar daidaita farashi in naira ta faɗi, da tarar jinkirin biya. Dokar shugaban ƙasa mai lamba 5 ta 2018 ta umarci hukumomi su fifita ƙwararru da kamfanonin gida, sai dai fifiko bai ɗaure kowace runduna ga sayen adadi kaza a shekara kaza ba.