Ciwon ƙoda na ƙwayoyin cuta a manya: magungunansa da bijirewar ƙwayoyin

Wannan ciwo yana samuwa ne idan bakteriya suka hau daga mafitsara suka kai ga ƙoda. Galibi E. coli ce, ƙwayar da mazauninta hanji ne, kuma ta fi kama mata. Alamominsa su ne masassara mai zafi da makyarkyata, ciwon kwiɓi, amai, wani lokaci da zafin fitsari. A Yamai, musamman da damina, akan ɗauke shi zazzaɓin cizon sauro, a ɓata kwanaki ana shan maganin da ba nasa ba. Likita yakan ɗan bugi bayan majiyyaci a ƙasan haƙarƙari. In ya zabura don zafi, sai hankali ya koma kan ƙoda.

Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2000 ya gwada magunguna biyu a kan mata. Siprofloksasin na kwana 7 ya warkar da kashi 96 cikin 100, kotrimoksazol kuwa, wato Bactrim, na kwana 14 ya warkar da kashi 83. Babban dalilin ratar shi ne ƙwayoyin da tuni suka daina jin Bactrim. Ke nan darajar magani tana ga ko ƙwayar da ke jikin wannan majiyyacin tana jinsa. Nitrofurantoyin yana da kyau ga mafitsara amma ba ya taruwa a naman ƙoda. Amoksisilin shi kaɗai ba a dogara da shi. Mai juna biyu ba a ba ta siprofloksasin, akan kwantar da ita a yi mata allurar seftriyakson.

Shi ma siprofloksasin ƙarfinsa na raguwa. Ƙa'idar 2010 ta ƙwararrun Amurka da Turai ta ce inda ƙwayoyin da suka daina jin siprofloksasin suka wuce kashi 10 cikin 100, a fara da allurar seftriyakson giram 1 ko dangin jentamisin. Akwai kuma E. coli masu fitar da sinadarin ESBL, wanda ke wargaza seftriyakson ɗin kansa, sai a koma ga meropenem ko amikasin, magungunan asibiti, na farkon kuma mai tsadar gaske. Abin takaici, tiren mai tallar magani a bakin kasuwa, inda ake ɓallo ƙwaya uku ko huɗu daga katin da ya yini cikin rana, yana ciyar da wannan matsala: ƙwayoyin cuta masu rauni su mutu, masu taurin kai su hayayyafa.

Shi ya sa ake karɓar fitsari kafin shan ƙwayar farko, a yi gwajin da takardun asibitocin Nijar ke kira ECBU, wanda ke gano ƙwayar cutar da ke cikin fitsarin da maganin da take ji. Sakamako yakan fito cikin awa 48 zuwa 72, a gyara magani bisa gare shi. Idan masassara ba ta sauka ba a wannan tsakani, ana ɗaukar hoton ƙoda don neman tsakuwa, toshewa ko taruwar mugunya.