Shugabancin mata a coci ba jiya aka fara ba

A duk lokacin da aka naɗa mace fasto, sai ka ji masu suka a intanet suna cewa sabon salo ne da Turawa suka ƙago jiya-jiya. Wannan magana ba ta da tushe. A cikin Littafi Mai Tsarki, a Romawa sura 16, Manzo Bulus da kansa ya yabi Fibi, mai hidima a ikkilisiyar Kankiriya, ya roƙi 'yan'uwa su karɓe ta da daraja. A Ayyukan Manzanni 18 kuwa, Biriskilla da mijinta Akila suka ja Afolos gefe, mutumin da ya ƙware a wa'azi, suka ƙara fayyace masa hanyar Allah.

Gardamar gaskiya tana wani wuri ne. 1 Timoti 2:12 ta hana mace koyar da namiji, amma 1 Korintiyawa 11:5 ta ambaci mace tana addu'a da annabci. Fahimtar waɗannan ayoyi ce ta raba kawuna. Cocin Ingila ta fara naɗa mata limamai a 1994, a shekarar da Fafaroma John Paul II ya rufe wa Katolika wannan ƙofa. Kowane ɓangare da ayarsa a hannu yake magana.