Tagwayen taurari

Tagwayen taurari su ne taurari biyu da suka kusanci juna a sararin sama har ido ya ɗauke su ɗaya, sai an sa madubin hangen nesa sannan su rabu. Iri biyu ne. Akwai tagwaye na haƙiƙa, waɗanda ƙarfin jan juna ya ɗaure su suna kewaya juna. Akwai kuma waɗanda kusancinsu na ganin ido ne kawai, kamar mutum ya hango fitilar wani ƙauye da ta ƙauyen da ke can bayansa a jere, alhali tsakaninsu tafiya ce mai nisa.

Ana auna ratar da ke tsakanin tagwaye da daƙiƙar kusurwa. Digiri 1 minti 60 ne, minti 1 kuma daƙiƙa 60. Faɗin cikakken wata kusan rabin digiri ne, wato daƙiƙa 1,800.

Tarihi

Tun kafin a ƙera madubin hangen nesa, Larabawa suna gwada kaifin ido da ƙaramin tauraron da suke kira Suha, wanda yake maƙale da Mizar a cikin taurari bakwai na arewa da ake kira Banatu Na'ash. A 1617 Benedetto Castelli, abokin Galileo a Italiya, ya ga cewa Mizar kansa biyu ne. An daɗe ana zaton irin wannan kusanci dace ne kawai. William Herschel, haifaffen Jamus da ya zauna a Ingila, ya shafe shekaru yana auna su, kuma a cikin wannan bincike ne ya yi kiciɓis da duniyar Uranus a 1781. A 1803 ya nuna cewa taurarin Castor biyu suna kewaya juna. Daga baya Friedrich Struve ya fitar da jerin tagwaye sama da 3,000 a 1827, daga Dorpat, garin da yanzu ake kira Tartu a Estoniya.

Waɗanda aka fi kallo

Mizar ne na farkon koyo. Tsakaninsa da Suha kusan minti 12 ne, ido lafiyayye ya isa; tagwayen Mizar ɗin kuwa daƙiƙa 14 ce ta raba su, ƙaramin madubi yana buɗe su. Albireo ya fi su ban sha'awa saboda launi: ɗaya ruwan zinariya, ɗaya shuɗi, da rata ta daƙiƙa 34. Bambancin launin daga zafi yake, shuɗin ya fi zafi. Kusa da tauraron Vega akwai Epsilon Lyrae, wanda tabarau mai ido biyu, wato ƙaramin abin hangen nesa da ake riƙewa a hannu, yake nuna shi biyu, amma idan aka ƙara girman gani ya kai ninki 100 sai kowanne ya sake rabuwa, su zama huɗu.

Alpha Centauri, mai nisan shekarar haske 4.4 daga nan (shekarar haske ita ce nisan da haske yake tafiya cikin shekara ɗaya), tagwayensa suna gama zagaye ɗaya cikin kusan shekara 80. Daga Landan ba a ganinsa sam, amma daga Kano ko Maraɗi yana fitowa ƙasa-ƙasa ta kudu da daddare a watannin Mayu da Yuni. Mafi wahala shi ne abokin Shi'ira; Shi'ira shi ne tauraron da ya fi kowanne haske da dare, wanda aka ambata a Suratun Najmi. Friedrich Bessel ya gane akwai shi a 1844 daga yadda Shi'ira yake tangaɗi a tafiyarsa, amma ba a gan shi ba sai 1862, lokacin da Alvan Graham Clark yake gwada sabon gilashi a Amurka. Ba ratar ba ce matsalar. Babban ya ninka ƙaramin haske kusan sau 10,000, sai ya lulluɓe shi.

Kayan kallo

Tabarau mai ido biyu ana rubuta masa lamba kamar 10×50: ninkin girma 10, faɗin gilashin gaba milimita 50. Rawar hannu ce babban cikasinsa, shi ya sa masu kallo suke jingina shi da katanga ko su ɗora shi a kan ƙafa uku. A madubi mai ido ɗaya, faɗin gilashi ne yake yanke abin da za a iya rabawa, ba ninkin da aka buga a jikin kwali ba, duk da cewa shi masu talla suka fi kururutawa. Ƙa'idar William Dawes ta ce a raba 116 da faɗin gilashi a milimita: na 60 yana raba daƙiƙa 2, na 100 kuma 1.2.

Tagwaye suna da wata fa'ida ga mazaunin birni, domin hasken fitilu da farin wata ba sa ɓata su sosai. Abin da yake ɓata su motsin iska ne a sama. Daren da taurari suke ƙyaftawa da yawa ba na raba matsattsun tagwaye ba ne, hazon hunturu mai kauri kuwa yakan shafe na kusa da ƙasa gaba ɗaya.

Duniyoyi

Kayan nan dai su ake kallon duniyoyi da su. Tabarau 10×50 yana nuna manyan watannin Mushtari (Jupiter) huɗu da Galileo ya gani a Janairun 1610, a jere kamar ɗige-ɗige, suna sauya wuri kowane dare. Zoben Zuhal (Saturn), wanda Christiaan Huygens ya fara fahimtar siffarsa a 1655, yana buƙatar ninki 30 ko fiye. Zara, wadda Hausawa suke yi wa kirari da matar wata, a madubi takan zama jinjira, ta kumbura, ta sake ramewa kamar watan kansa. Mirriku (Mars) ƙarami ne, ba ya nuna komai sai ya matso, sau ɗaya cikin kusan wata 26. Rana kuwa ba a kallonta da ɗaya daga cikin kayan nan sai da matacin haske na musamman a bakin gilashin gaba, don tana ƙona ido nan take.