Ruda da shan kwana a ƙaramin jirgin sama

Ruda shi ne falankin nan da ke tsaye a bayan wutsiyar jirgi, wanda matuƙi ke motsawa da feda biyu a ƙarƙashin ƙafafunsa. Da yawa suna ɗauka shi ke sa jirgi ya sha kwana kamar sitiyarin mota, ba haka ba ne, karkatar da fukafukai ke kawo kwana, shi ruda aikinsa ya sa hanci ya bi kwanar wutsiya ta bi bayansa. Dalili kuwa, fiffiken da aka ɗaga iska ta fi riƙe shi, sai ya ja hancin jirgin waje guda alhali ana son zuwa ɗaya wajen.

Tarihi

Wa da ƙani, Wilbur da Orville Wright, su suka fara cin karo da matsalar nan a Kitty Hawk ta Amurka. Jirginsu marar inji na 1901 ba shi da wutsiya a tsaye, wani lokaci sai su murɗa fukafukai don zuwa hagu jirgin ya nufi dama. A 1902 suka kafa masa wutsiya wadda ba ta motsi, ta ɗan taimaka amma wani zubin sai jirgin ya zame ya soka bakin fiffike cikin rairayi yana juyi, har suka riƙa kiran abin haƙar rijiya. Wajen farkon Oktoba na shekarar suka mai da wutsiyar mai motsi, suka haɗa ta da igiyar murɗa fukafukai, kuma gaskiya wannan gyaran bai samu yabon da ya cancanta ba in aka kwatanta da tashinsu na farko da jirgi mai inji ranar 17 ga Disamba 1903. Sai a jirgin 1905 suka raba ruda ya zama da hannunsa daban.

A Agustan 1912 wani hafsan sojan ruwan Ingila, Wilfred Parke, jirginsa ya faɗa juyi irin na katantanwa a Larkhill, ya tura ruda zuwa kishiyar juyin, jirgin ya miƙe saura kaɗan ya daki ƙasa. Ana yawan lissafa shi cikin na farko da suka fita daga wannan juyi da rai. Daga baya a wajajen 1940 aka fito da wani ƙaramin jirgi mai suna Ercoupe, wanda aka haɗa masa ruda da sitiyari, babu fedar ruda sam.

Sitol a cikin kwana

Sitol shi ne fiffike ya daina ɗaukar jirgi saboda kusurwar da yake tarar iska ta wuce iyaka, galibi wajen digiri 15 zuwa 18. Ba mutuwar inji ba ne. Kwana kuma tana ƙara wa fiffike nauyi, a karkatar digiri 60 ba tare da sauka ba nauyin ninki biyu ne, gudun da sitol ke zuwa ya ƙaru da kashi 41 cikin 100, wato jirgin da ke sitol a gudun not 50 (not ma'aunin gudun jirgi ne) zai yi a wajen 70. A digiri 30 ƙarin kashi 7 ne kawai.

Inda abin ya fi cin rai shi ne kwanar ƙarshe kafin sauka. Matuƙi ya ga ya wuce saitin titin sauka, yana tsoron ƙara karkata kusa da ƙasa, sai ya danna ruda don jawo hanci, fiffiken da ke cikin kwanar ya rage gudu ya faɗi, hanci ya sunkuya, shi kuma ya ja sandar tuƙi baya. Nan take fiffiken ciki ya yi sitol jirgin ya kife, kuma babu tazarar da zai farfaɗo. Maganin shi ne ya fasa saukar, ya ƙara wuta ya sake zagayowa.

A gaban matuƙi akwai ɗan ƙwallo cikin lanƙwasasshen bututun gilas mai ruwa, in yana tsakiya ƙafa da hannu sun daidaita, in ya gudu gefe sai a taka fedar wannan gefen. Idan sitol ya soma, a sassauta sanda gaba tukuna kafin komai.

Saɓani

Saboda haɗarin shan kwana kusa da ƙasa, malaman tuƙi ba su daidaita ba kan ko a juyo filin jirgi idan inji ya mutu jim kaɗan bayan tashi. Akasari suna cewa a sauka gaba.