Me kumbuna ke nema a kan ƙananan duwatsun sararin samaniya?

Wai su waɗannan duwatsun menene su ma tukuna?

Ragowar kayan da duniyoyi suka haɗu daga cikinsu ne, tun kusan shekaru biliyan 4.5 da suka wuce, su ba su samu sun haɗe sun zama duniya ba, suka ci gaba da zagaya rana a haka. Yawancinsu suna tsakanin Mars da Jupita, amma akwai waɗanda hanyarsu ke ratsowa kusa da tamu duniyar, kuma su ne aka fi tura wa kumbo. Ƙananan da muke magana a kai ba su kai kilomita ɗaya ba.

To tunda akwai manyan madubin hangen nesa, me ya sa sai an je har can?

Saboda daga nan ɗigon haske kawai kake gani, za ka iya lissafa hanyarsa da girmansa amma ba ka san yadda jikinsa yake ba. A 2005 kumbon Japan mai suna Hayabusa ya isa wani dutse da ake kira Itokawa, tsawonsa mita 500 da ɗan ɗoriya, sai hotuna suka nuna ashe ba dunƙulallen dutse ba ne, tarin duwatsu da tsakuwa ne kawai suka jingina da juna.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na wani dutse mai suna Bennu. A Oktoban 2020 kumbon hukumar sararin samaniyar Amurka NASA, mai suna OSIRIS-REx, ya miƙa hannunsa zai ɗan taɓa saman dutsen ya ɗebo ƙasa, ana zaton zai ji tauri ya tsaya, ai kuwa sai hannun ya nutse kusan rabin mita, ba don ya kunna injinsa ya ja da baya ba da ya ci gaba da lumewa. Kuma wannan kumbon ya kusan shekara biyu yana zagaya Bennu yana ɗaukar hotonsa fa, amma sai da ya taɓa sannan aka san hakan. Gani ya kori ji, amma a nan taɓawa ce ta kori gani.

Ana iya sauka a kansu kamar yadda ake sauka a wata?

Da wuya, don ƙarfin da suke jawo abu da shi kaɗan ne matuƙa. A kan Bennu in mutum ya yi tsalle da ƙarfi to ya tafi kenan, ba dawowa. Shi ya sa ƙananan na'urorin da Hayabusa2, wani kumbon Japan, ya sauke a kan dutsen Ryugu a 2018 ba su da taya, tsalle suke yi daga nan zuwa can. Shi kuma babban kumbon taɓawa kawai yake na 'yan daƙiƙu ya ɗiba ya tashi.

Nawa aka samo, kuma me aka gani a ciki?

Kar ka raina. Hayabusa na farko ya sha matsala iri-iri a hanya, da ƙyar ya dawo a 2010 da 'yan ƙwayoyin ƙura da sai da madubin ƙara girma ake ganinsu. Hayabusa2 ya jefo nasa a hamadar Ostireliya a Disamban 2020, giram 5.4. Na Bennu ya sauka a jihar Utah ta Amurka ranar 24 ga Satumban 2023, giram 121.6, shi ne mafi yawa.

A cikin wannan baƙar ƙasar an samu ma'adanai masu ɗauke da ruwa a jikinsu, an samu gishiri irin wanda ruwa ke bari in ya ƙafe, an samu sinadaran amino asid, 14 daga cikin 20 da jikin mai rai ke gina furotin da su, duk a samfurin Bennu. Wannan ba yana nufin an ga rai ba, a kula da wannan sosai don mutane na yawan juya maganar. Kayan ginin aka gani. Wani zai ce ai duwatsu na faɗowa da kansu, a tsinta mana a bincika. Ana yi, amma wanda ya faɗo ya ƙone a iska, ruwan sama ya doke shi, ƙwayoyin halittar duniyarmu sun shige shi, shi kuwa wanda kumbo ya kawo a rufe yake tsaf.

Akwai haɗarin wani ya faɗo mana? In akwai me za a yi?

Akwai, kuma ƙananan ne suka fi yawa suka fi wuyar hangowa. Wanda ya fashe a saman birnin Chelyabinsk na Rasha a Fabrairun 2013 faɗinsa kusan mita 20 ne kacal, ba wanda ya gan shi yana zuwa, mutane kusan 1,500 suka ji rauni, yawanci gilashin tagogi ne ya yanke su.

Shi ya sa gwajin DART ya burge ni gaskiya. Ranar 26 ga Satumban 2022 NASA ta sa kumbo ya daki Dimorphos da gangan, ɗan dutse mai kusan mita 160 da ke zagaya wani babba, Didymos. Da yana gama zagaye ɗaya a awa 11 da minti 55, bayan dukan ya ragu da kusan minti 33. Abin da ya ƙara wa dukan ƙarfi shi ne tarin tsakuwar da ta watse baya ta ƙara tunkuɗa shi, ka ga an dawo kan maganar farko, in ba ka san dutsen dunƙule ne ko tari ba, ba za ka san yadda zai amsa duka ba.

Yanzu ina aka dosa?

An harba kumbon Turai, Hera, a Oktoban 2024 don ya je ya duba ɓarnar da DART ya yi wa Dimorphos. China ta harba Tianwen-2 a 2025 zuwa wani ɗan dutse mai suna Kamo'oalewa. Shi kuma wani dutse mai suna Apophis zai wuce ta kusa da mu ranar 13 ga Afrilun 2029, nisan kusan kilomita 32,000, ba zai doke mu ba, kuma mutane a Afirka da Turai za su iya ganinsa da ido.